Mako Guda a Aji Ɗaya, a Bakin Fadama

(Kiɗan buɗe shiri)

Mun sake haɗuwa a filinmu na faɗakarwa kan karatun yara. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kirikasamma da Marma da Madachi da Baturiya da Turabu, da Fulanin da ke rugage, da masunta da ke bakin ruwa da rediyo rataye a wuya.  Malamai da malamanmu mata na firamare, sannunku da ƙoƙari, yau maganar taku ce, amma iyaye kada ku murɗa akwatin, domin rabin nauyin yana kanku.

Yau aji ɗaya za mu shiga. Ajin 'yan shekara shida, masu majina da riga har gwiwa, waɗanda wasunsu ba su taɓa riƙe fensir ba. Za mu duba yadda mako guda ya kamata ya kasance a wannan aji, daga Litinin zuwa Juma'a, da irin ɗan bikin da ya dace a rufe makon da shi.

Kafin nan bari mu dubi kalanda. Shekarar karatu a watan Satumba take farawa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗejia ya san menene Satumba: lokacin da kogi ya cika ya batse ke nan. Ruwan da ya sauka a ƙasar Kano, na Kogin Kano da na Challawa, shi ne yake haɗuwa ya gangaro mana. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992 sun sauya yadda ruwan yake zuwa, ga kuma kachala ta toshe hanyoyinsa, sai ya rasa mafita ya bi gonaki da gidaje. Ba mu manta 2020 ba, ba mu manta 2022 ba, shekarun da makarantu da dama a Jihar Jigawa suka koma masaukin waɗanda ruwa ya kora, wasu kuma ruwan ya shiga azuzuwansu. To a daidai wannan wata ake ce wa yaro ɗan shekara shida ya fara boko.

Ruwa ya ja baya, sai shinkafa ta nuna, sai jan-baki ya sauko, a tura yaro kora. A gama wannan a shiga yanka da sussuka. Sanyi ya shigo, noman rani ya kankama, ga su, ga kiwo, ga tallar ranar kasuwa. Manhajar da ke hannun malami kuwa an tsara ta ne a kan yaron da zai zo kullum, zango uku cur, babu fashi. Irin wannan yaro yana da wuyar samu a bakin fadama.

Shi ya sa nake cewa malamin aji ɗaya a Kirikasamma ya riƙe mako da hannu biyu. Zango ba a hannunsa yake ba, kogi ne mai shi. Amma kwana biyar ɗin nan da yara suka samu suka zo, nasa ne. Idan ya tsara su suka zama abu guda mai farko da ƙarshe, yaron da ya zo wannan makon kaɗai, ya ɓace mako biyu, ya tafi da wani abu cikakke a kansa, in ya dawo akwai inda za a ɗora.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Ku dubi makarantar allo. Karatu daga Asabar zuwa Laraba, a kai wa malam kuɗin Laraba, Alhamis da Juma'a a huta. Kowane yaro da allonsa, ba ya wankewa sai ya biya a gaban malam an tabbatar ya riƙe. Ya fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, sannan ya shiga surori. In ya kai wasu wurare, kamar Sabbi ko Amma, gida a yi sadaka, 'yan makaranta su ci, yaro ya san ya taka wani mataki kuma unguwa ta shaida. Kakanninmu sun gane abubuwa biyu: yaro yana son ya ga ƙarshen abin da ya fara, kuma yana son a gan shi. Makarantar boko ta ɗauki ƙararrawa da rajista da yunifom, ta bar wannan hikima a zaure.

To mu shiga ajin.

Litinin da safe, an tashi daga layi, yara sun shigo sun zazzauna, wasu a benci, mafi yawa a ƙasa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Malamanmu da ke saurare sun san nawa ke gabansu, ba sai na faɗa ba. Malama, kada ki fara da kwafar wani abu a allo. Fara da sunaye. Kira kowa, ki dube shi, wanda bai zo makon jiya ba ki ce masa barka da zuwa, ki tambaye shi ko ruwa ya ja a wajensu. Bulala a kan fashin da ba laifin yaro ba ita ce take sa fashin kwana uku ya koma na shekara.

Daga nan sai sautin mako. Guda ɗaya, ko biyu in ajin ya yi nisa. Mu ɗauka an riga an yi wasalin a da wasalin i da baƙin k, yau kuma f za a yi. Malama ta zana kifi a allo, ko da zanen bai yi kyau ba, yara za su yi dariya su ce karfasa ce, wani ya ce a'a tarwaɗa ce tunda ga gashin baki. Bar su su yi gardamar, minti biyu ba asara ba ne, yaron da bai taɓa buɗe baki a aji ba a nan zai buɗe, domin a maganar kifi ya fi malama sani. Sai ta ce su faɗi kalmar a hankali, su tafa sau biyu: ki, fi. Ta rubuta kalmar a allo, ta rufe gaɓar farko da tafin hannu, ta bar ta biyu. Wane sauti kuka ji a farkonta? Su hura iska ta leɓe. Ta rubuta harafin babba, ta juya musu baya ta zana shi a iska su bi ta, sannan kowa ya zana da yatsa a bayan na gabansa. A nan ake ƙyalƙyala dariya, wani ya ce ana yi masa cakulkuli. Sannan a fita waje, kowa ya share ƙasa da tafin hannu, ya rubuta da tsinke. Malama tana zagawa tana dubawa, ta ga wanda ya juya harafin ya kalli hagu, ta tsuguna ta kama hannunsa su yi tare. Ba a kashe takarda ko ɗaya ba, kuma yara saba'in ko tamanin duk sun rubuta.

Talata a haɗa sabon baƙi da wasula, fa, fi, a dawo da na makonnin baya, a gina kalmomi: kifi, kafa, faifai in an kai nan. Katin kwali ya isa, kwalin sabulu ko na taliya, a yanka a rubuta gaɓa ɗaya a kowanne, yara biyu su tsaya a gaba kowa da nasa, su matso kusa da juna aji ya karanta, su sauya wuri aji ya sake karantawa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a ba kowannensu makonsa, kada a haɗa su rana ɗaya da 'yan uwansu marasa lanƙwasa, domin yaron da ya rikita su a aji ɗaya har sakandare yana rikitawa.

Na san akwai uban da yake saurare yana cewa, ni Turanci na kai shi ya koya, Hausa ai da ita ya zo. Alhaji, da ita ya zo a baki, bai zo da ita a takarda ba. Karatu dabara ce ta gane cewa wannan zane yana ɗauke da wannan sauti, kuma sau ɗaya ake koyonta. Yaro ya fi saurin kama ta da harshen da yake mafarki da shi. A 1977 manufar ilimi ta Nijeriya ta rubuta cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. Kafin nan ma, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun gwada koyar da wasu yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ana ba su Turanci a matsayin darasi, aka tarar ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. A nan Arewa an yi shirin RANA a Katsina da Zamfara, da shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, duk a kan koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa, gaɓa bayan gaɓa. Gwamnatoci suna sauya matsaya a kan harshen koyarwa, wannan ta zo ta ce haka, waccan ta zo ta ce haka. Kan yaro ɗan shekara shida dai bai sauya ba. Turanci a aji ɗaya a ba shi lokacinsa kullum, a baki: gaisuwa, sunayen abubuwan da ke aji, tashi, zauna, zo, tafi.

Sai dai ƙasar Kirikasamma ba Hausa kaɗai ake yi a gida ba. Akwai Mangawa, akwai Badawa, akwai Fulani. Yarinyar da ta taso a ruga za ta iya yin wata guda a aji ba ta ce uffan ba, a ɗauka daƙiƙiya ce, alhali Hausar ce ba ta gama zama mata ba. Malam, zaunar da ita kusa da wata mai jin harsunan biyu. Ranar da aka yi maganar saniya, tambaye ta yadda ake kiranta da Fulatanci, aji ya maimaita bayanta. Ka ga yadda za ta gyara zama.

Laraba mu ba lissafi ƙarfi, ko da yake kullum ana taɓa shi. Kayan aiki suna nan zube a bakin hanya: ƙwallon goruba, 'ya'yan tsamiya, tsakuwa, murafen kwalba. Wanda ya fi duka amfani shi ne kara. A yayyanka shi gajeru, yaro ya ƙirga goma ya ɗaure da kaba, dami ɗaya ke nan. Dami ɗaya da kara uku a gefe, sha uku. Yaron da ya ɗaure damin nan da hannunsa, ranar da aka rubuta masa 13 ya san abin da 1 ɗin take nufi, ba zai rubuta 31 ya ce duk ɗaya ne ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne ajin da ake rera ɗaya zuwa ɗari da Turanci kamar waƙa, murya har bakin titi, amma ka ajiye wa yaro goruba bakwai ka ce ya ba ka huɗu ya faɗi saura, ya tsaya yana kallonka. Wannan yaron kuwa jiya ya sayar da ƙosai a kasuwa ya ba da canji daidai. Lissafin yana kansa, aji ne bai nemo shi ba. Don haka a kafa kasuwa a cikin aji, wannan mai kifi, wannan mai tattasai, kuɗin kuma ganye ko guntun takarda.

Alhamis rubutu a littafi, da ɗan fita a duba duniya. Ba sai an je nesa ba, kuma kada a kusanci ruwa mai zurfi da yara. Gindin bishiyar makaranta ya isa. Me ya sauya tun makon jiya? Shamuwa ta zo ko ta tafi? Belbela nawa ke bin shanun can? A dawo aji kowa ya zana abin da ya gani, malama ta rubuta jimla ɗaya daga bakin yaran a allo, su karanta tare. Jimlar da yaro ya faɗa da bakinsa ya ga ta koma rubutu, ba ya manta ta.

Sai Juma'a, ranar da ake tashi da wuri, ranar da a makarantu da yawa ba a komai sai shara da guje-guje har a kaɗa ƙararrawa. Wannan ranar nake so mu ceto. Rabin sa'a kawai nake roƙo, a shimfiɗa tabarmi a inuwa, a kira shi bikin ƙarshen mako ko duk sunan da yara suka ga dama.

Da na ce biki, kada hedimasta ya fara lissafin lemo da haya kujeru. A birane yanzu an ɗauko wata al'ada, yaro ya gama nazare a ɗinka masa rigar digiri da hula mai tunku, iyaye su ci bashi, mai hoto ya samu ciniki, a tambayi yaron ya karanta sunansa a jikin takardar da aka ba shi ya kasa. Ba irin wannan ba. Bikin Juma'a shi ne biyawa, irin ta makarantar allo, sai dai a gaban jama'a kuma cikin raha. Rukuni-rukuni yara su fito. Waɗannan su ɗaga katinsu su haɗa kalmar mako. Waɗannan su ƙirga daminsu. Wannan ya nuna zanensa ya faɗi abin da ya zana. A tafa wa kowa, da irin tafin da ajin ya ƙirƙiro wa kansa. Malama tana gefe da rajista, tana ɗan sa alama: wannan ya kama, wannan da saura. Jarrabawa ke nan ta yi, ba wanda ya yi kuka, kuma ta san da wa za ta fara ranar Litinin.

Kada a mai da shi wurin fitar da na ɗaya da na biyu da na uku. In aka yi haka yara uku ne za su riƙa jin daɗin Juma'a, sauran su koyi zama 'yan kallo tun suna shekara shida. A yaba wa wanda bai yi fashi ba duk makon. A yaba wa wadda ta fara rubuta sunanta, ko da harafi ɗaya ya kwanta. A yaba wa wanda ya riƙo hannun ƙaramin maƙwabcinsa suka zo tare.

Kowace Juma'a a gayyato mutum ɗaya daga gari. Tsohon masunci ya zo da koma da gora ya nuna yadda ake kwanciya a kan goran a ratsa ruwa, ya faɗi sunayen kifaye, yara su tafa gaɓoɓinsu. Mai saƙar tabarma ta zo da kabarta, a ƙirga zubi. Dattijo ya ba da labarin ganuwar Haɗejia da ƙofofinta, da Sarki Muhammadu Mai Shahada da ya tsaya ya fuskanci Turawa a 1906. Kaka ta zo ta yi tatsuniya. In ta ce ai ba a tatsuniya da rana, a ce mata hedimasta ya ɗauki alhakin. A rufe da wasa, 'yan mata su yi gaɗa ko carafke, maza su yi langa. Kwamitin SBMC na makaranta, wanda ya haɗa mai unguwa da liman da iyaye mata, shi ya fi dacewa ya tsara wanda zai zo wane mako, domin kada nauyin ya faɗa kan malami shi kaɗai. Uban da ya taɓa zama a tabarmar nan ya ji 'yarsa ta haɗa gaɓa biyu ta fitar da kalma, da wuya ya ɗora mata farantin talla ranar Litinin da safe.

Akwai kuma ranakun shekara da za a iya rataya mako a jikinsu. 1 ga Oktoba, ranar 'yancin kai, ta zo daidai lokacin koyon launi, kore da fari. 15 ga Oktoba ranar wanke hannu ce ta duniya, kuma a wurinmu ta faɗo a kan gaɓa, lokacin da ruwa ke ja yana barin rijiyoyi a gurɓace, amai da gudawa suna yawo. Buta ɗaya da sabulu ko toka a ƙofar aji darasi ne na mako guda. 27 ga Mayu ranar yara ce, amma yadda aka saba, manyan ɗalibai masu cikakken yunifom ake ɗiba a kai maci hedikwatar ƙaramar hukuma, 'yan aji ɗaya a ce su zauna a gida. A yi musu nasu a harabar makaranta. Azumi in ya kai goma ga wata ga tashe, bayan Salla kuma kowane yaro yana da labarin dawaki ko na sabuwar riga da zai bayar, wanda za a mayar jimla a allo.

Wadda nake so malaman Kirikasamma su fi kowa riƙewa ita ce 2 ga Fabrairu, ranar dausayi ta duniya, wadda ake tunawa da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Dausayin Baturiya da ke cikin wannan ƙaramar hukuma ya shiga jerin wuraren wannan yarjejeniya a 2008. A lokacin sanyi tsuntsaye suna tasowa daga Turai, su ƙetare teku da Sahara, su sauka a ruwan da yaran nan suke wanka. Masana suna zuwa daga nesa da madubin hangen nesa su ƙirga su. Yaro ɗan Baturiya ya cancanci ya ji wannan a ajinsa, ya zana dinya da kirinjijiya da zalɓe, ya gane waɗanne ne 'yan gida waɗanne ne baƙi.

Iyaye, ga naku. Na farko, karin kumallo. Shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 wani lokaci ya zo wani lokaci ya tsaya, kada a dogara da shi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ko ɗumame ne, ko koko, a ba yaro kafin ya fita. Na biyu, ranar Juma'a in ya dawo, a bar tambayar na nawa ka zo. A ce masa, zo ka nuna mini abin da kuka yi. Inna, ko ba ki yi boko ba, share masa ƙasa a tsakar gida ya rubuta, ki tambaye shi wannan me ya ce. In ya yi miki bayani ya sake koya ke nan, ke ma kin ƙaru da harafi.

In kuma ruwa ya zo, Allah Ya kiyaye, malamai a ɗaure rajista da katunan gaɓa da damin kara a buhu a rataye a sama tun kafin ya iso. Duk tudun da jama'a suka koma, in akwai bishiya da yara goma, ana iya yin Litinin, ana iya yin Juma'a. Inda sai an shiga kwale-kwale kafin a kai makaranta, babba ya raka yara, kada a cika jirgi, in iska ta taso a haƙura da zuwan ranar.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba makarantun 'ya'yan makiyaya da na masunta, da aikin hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989, da yadda yaro zai riƙe karatunsa in iyayensa sun tashi da garke. Malaman da suka gwada bikin Juma'a a ajinsu, ku aiko mana da yadda ta kaya, da abin da ya yi da wanda bai yi ba, za mu karanta a fili.  

(Kiɗan rufe shiri)